Amyar Mabkut

Shekara arba'in ina kiwon zuma a wannan kwari na Shabwa.
Kunnena ya san kukan amya mai yunwa,
ya san na wadda uwarta ta mutu.
Sai ga wani ƙugi daga can sama,
ba ya sauka kan furen kurna,
ba ya komawa gida da magariba.
Yara suka raɗa masa suna: ƙudan da ba ya zuma.

Ranar Talata ce. Ƙanena Salmin ya ɗebo ruwa a tanka,
ya rage wa mutum biyu hanya bai tambayi sunansu ba,
don a nan ba a tambayar mai ƙishi ɗan wane ne.
Wani a wata ƙasa mai nisa, shayinsa na huci a gefe,
ya ga ɗigo uku a jikin allo.
Ya danna.
Ruwan da muka jira kwana tara ya tafasa a kan kwalta.

Ɗansa Nashwan ne ya tsinto takalmin.
Shekararsa sha shida, gwanin gyaran injin ban ruwa,
yana tara kuɗin zuwa makaranta a Mukalla cikin gwangwanin madara.

Bayan mako uku hukuma ta aiko da jaka.
Kuɗi ne, ba takarda, ba sunan wanda ya yi,
ba kalmar nan guda da ake ce wa wanda aka taka.
Rediyo kuwa ya ce an kashe 'yan ta'adda uku.
Yaron ya kashe rediyon,
ya kashe bakinsa tare da shi.

Su kuma na kan dutse ba su yi jinkiri ba.
Suka zo ta'aziyya da buhun gari,
suka yashe rijiyar da gwamna ya yi alkawarinta sau huɗu,
suka kira Salmin da sunansa.
Na san su. Na san zumar da ake shafa wa bakin wuƙa.
Na ce, ɗana, waɗannan ba makoki suka zo ba, girbi suka zo.
Ya ce, Baffa, to wa ya zo?
Na buɗe baki, babu kowa a ciki.

Da kaka ta kewayo aka ji ƙara a shingen sojoji.
Cikin waɗanda suka faɗi har da wani Hazza'u daga Ibb,
wata bakwai ba a biya shi albashi ba,
uwarsa gurasa take toyawa a bakin tasha.
Me ya ci wa Salmin?
Ba zan wanke Nashwan ba, ko ruwan tankar nan zai dawo.
Ɗana ne, kuma ya yi kisa.
Duka biyun nake ɗauka zuwa masallaci kullum.

Jiya wata baƙuwa ta zo da tafinta da littafi,
tana neman saiwar abin, in ji ta.
Talauci ne? Wa'azi ne? Jahilci?
Na ce rubuta duka, ba ki yi ƙarya ba,
amma talauci ya girme ni a kwarin nan
kuma kakana bai taɓa ɗaura wuta a ƙugu ba.

Na kai ta gindin amya.
Na ce, jefi wannan da dutse daga bayan tudu, ki gani.
Ba za su bi sawun mai jifa ba, ba su san shi ba.
Mai wucewa za su harba, da jakinsa, da goyon da ke bayan matarsa,
kuma duk wanda ya yi harbi, kafin dare ya mutu.
Gobe mai jifan ya leƙo ya ce, kun ga mugun iri,
a ƙaro duwatsu.

Ta rubuta. Ta sayi kwalba biyu.
Ta tambayi tafinta ko za su isa gari kafin duhu.

Gwangwanin madarar yana nan kan taga, ban ƙirga ba.
Kurna ta yi fure bana fiye da bara.
Ƙugin yana sama.
Jikata Nuriya, da ba ta cika shekara huɗu ba,
tana iya bambance shi da na zuma ido a rufe.